Ta leƙo ta koma: Yadda 'yan wasan golf ke rayuwa da faɗuwa

Ranar Lahadi, 16 ga Yunin 2024, a filin Pinehurst da ke jihar North Carolina ta Amurka, Rory McIlroy ya tsaya a kan wata ƙwallo da tazararta da rami ba ta wuce ƙafa biyu da rabi ba. A kakar wasan, sau 496 ya buga ƙwallon da ba ta kai ƙafa uku daga rami ba, kuma duk sun shiga. Wannan kuwa sai ta shafi bakin ramin ta wuce.

A rami na 18 ya sake kuskure wata wadda ba ta cika ƙafa huɗu ba. Da haka kofin US Open ya tafi hannun Bryson DeChambeau da ratar bugu ɗaya tak.

McIlroy, ɗan Ireland ta Arewa, ya kalli bugun ƙarshe na abokin karawarsa a talabijin, ya fito ya shiga motarsa, ya bar filin bai ce wa 'yan jarida uffan ba. Washegari ya sha caccaka. Wasu suka ce ba shi da zuciya, wasu suka ce tasa ta ƙare.

Bayan wata goma, ranar 13 ga Afrilun 2025, aka ga mutumin nan durƙushe a filin Augusta yana kuka, ya lashe gasar Masters da ya yi shekara da shekaru yana nema. Tun daga ranar ake ba da labarinsa a matsayin shaidar cewa mahaƙurci mawadaci ne.

Labari ne mai daɗin turawa a waya, amma rabin gaskiya ne. Tarihin golf cike yake da mutanen da suka yi irin haƙurin McIlroy, har ma fiye, kuma abin da ya kuɓuce musu bai dawo ba har suka ajiye sanda. Abin da ya cancanci a duba a labarinsa shi ne abubuwan da ya yi a tsakanin faɗuwa ɗaya da ta gaba, domin su kaɗai ne suke hannunsa.

Wasan da babu wanda za a ɗora wa laifi

Ga wanda bai saba kallon golf ba, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, lissafinsa mai sauƙi ne. Ana buga rami 18 a rana, kwana huɗu a jere, rami 72 ke nan. Wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ya yi nasara. Kowane rami akwai adadin bugun da aka ƙayyade masa, uku ko huɗu ko biyar. Bayan kwana biyu akan tankaɗe 'yan wasa, kusan rabi su koma gida, yawanci ba tare da ko kwabo ba.

Manyan gasanni huɗu ake yi a shekara: Masters, da PGA, da US Open, sai kuma Open ta Birtaniya. Da su ake auna ɗan wasa.

Abin da ya sa faɗuwa a wannan wasa take da ɗaci na daban shi ne ƙwallon a tsaye take. Babu mai tsaron baya da zai taɗe ka, babu mai tsaron raga da za a ce ya yi bajinta. Ɗan ƙwallon ƙafa da ya ɓarar da fanareti yana da abokai goma da koci da alƙalin wasa da za a raba laifin da su. Ɗan golf daga shi sai sandarsa.

Sannan akwai lokaci. Bugun kansa ba ya cin daƙiƙa biyu, amma zagayen rana guda yakan ɗauki awa huɗu zuwa biyar. Sauran lokacin duk tafiya ce a ƙasa, mutum yana ta saƙa da warwara a kan kuskuren da ya yi yanzu-yanzu.

Kuma rashin nasara shi ne abin yau da kullum. Mutum 156 ke shiga US Open, ɗaya ke ɗaukar kofi. Jack Nicklaus, wanda ya fi kowa lashe manyan gasanni, ya ci 18, amma sau 19 ya zo na biyu. Tiger Woods ya lashe gasa 82 a rukunin ƙwararru na Amurka, duk da haka bai ci kashi ɗaya cikin huɗu na gasannin da ya shiga ba. Gwanayen gwanaye ke nan.

Lahadin 2011

Wahalar McIlroy da Augusta ta soma ne yana ɗan shekara 21. Ranar 10 ga Afrilun 2011 ya shiga zagayen ƙarshe na Masters yana gaba da bugu huɗu. Har ya iso rami na 10 yana kan gaba. A nan ƙwallonsa ta bugi bishiya ta faɗa tsakanin wasu fararen gidajen sauke baƙi, wurin da masu kallo da yawa ba su taɓa ganin ɗan wasa ya je ba. Ramin bugu huɗu ya ci masa bakwai.

A rami na 12, bayan ƙwallon ta hau lallausar ciyawar da ke kewaye da ramin, sai da ya tura ta sau huɗu kafin ta shiga. Ya gama ranar da bugu 80, ya faɗo zuwa na 15. Charl Schwartzel na Afirka ta Kudu ya tafi da koren kwat ɗin da ake saka wa zakaran gasar.

A ranar yaron ya tsaya gaban kyamara ya amsa tambayoyi. Daga baya ya nemi tsohon ɗan wasa Dave Stockton ya duba masa yadda yake tura ƙwallo kusa da rami. A watan Yuni ya je Haiti a matsayin jakadan UNICEF, ƙasar da girgizar ƙasa ta ɗaiɗaita a 2010. Da ya dawo sai ya lashe US Open da ratar bugu takwas.

Zuwa Agustan 2014, yana da shekara 25, manyan kofuna huɗu ne a hannunsa. Masters kaɗai ta rage masa ya haɗa duka huɗun. Daga nan ƙofa ta rufe, kusan shekara 11 bai ƙara cin babbar gasa ba.

A 2019 an kai gasar Open filin Royal Portrush, a ƙasarsu, inda ya taɓa kafa tarihi da bugu 61 yana ɗan shekara 16. A ramin farko ya yi bugu takwas a gaban mutanensa, kuma bai tsallake tankaɗe ba. A 2022 a St Andrews, Cameron Smith ya zo daga baya ya wuce shi. A 2023 ya rasa US Open da bugu ɗaya a hannun Wyndham Clark. Sai kuma Pinehurst.

Waɗanda ba ta dawo musu ba

Kafin a ɗauki ƙarshen labarin McIlroy a matsayin doka, ya kamata a tuna da Greg Norman na Ostireliya. Mako 331 ya yi a matsayin lamba ɗaya a duniya. A Masters ta 1996 ya shiga ranar ƙarshe yana gaba da bugu shida, ya yi 78, Nick Faldo na Ingila ya yi 67 ya doke shi da bugu biyar. Faldo bai yi wani murna ba, rungume shi ya yi. Sau uku Norman ya zo na biyu a Augusta, bai taɓa saka koren kwat ba. Ba wanda zai ce rashin haƙuri ne ya hana shi.

Jean van de Velde na Faransa ya iso ramin ƙarshe na gasar Open ta 1999 a Carnoustie yana gaba da bugu uku. Ramin bugu huɗu ne, ko shida ya yi kofin nasa ne. Ƙwallonsa ta bugi wurin zaman 'yan kallo ta koma cikin doguwar ciyawa, daga nan ta faɗa rafi. Duniya ta kalle shi ya tuɓe takalma da safa, ya naɗe wando, ya shiga ruwa yana tunanin ko zai buga daga ciki. Ya yi bakwai, ya faɗi a bugun raba gardama, Paul Lawrie ya ɗauki kofin. Van de Velde ya sake cin wata ƙaramar gasa a Madeira a 2006, amma irin waccan damar ba ta sake leƙo shi ba.

Doug Sanders ya ci gasa 20 a Amurka, amma abin da ake tuna shi da shi wata 'yar gajeriyar ƙwallo ce da ya kuskure a St Andrews a 1970, wadda ta ba Nicklaus damar doke shi washegari. Yakan yi raha da cewa wani lokaci yakan yi minti biyar cur bai tuna da ita ba. Ya rasu a 2020 bai ci babbar gasa ko ɗaya ba.

Wanda duk ya ce juriya tana tabbatar da kofi, to ya gaya wa mutanen nan uku ke nan cewa su suka gaza jurewa. Wannan zalunci ne, kuma ba gaskiya ba ne.

Abin da ke hannun ɗan wasa

Abin da McIlroy ya yi bayan Pinehurst ba wani sihiri ba ne. Washegari ya fitar da sanarwa, ya taya DeChambeau murna, ya ce mai yiwuwa wannan ce rana mafi tsanani a kusan shekara 17 da ya yi yana ƙwararren ɗan wasa, ya kuma ambaci ƙwallayen biyu da ya kuskure ƙarara. Bai ce iska ce ba, bai ce ciyawa ce ba.

Sannan ya janye daga gasar da ke gaba, ya yi mako uku ba a gan shi ba. Ya canja lambar wayarsa, har saƙon jaje da Tiger Woods ya aika masa bai same shi ba. Ya ce ya riƙa yawo a titunan New York shi kaɗai yana tunani. A zamanin da kowane mai waya ke da ra'ayi a kan kuskuren wani, kuma yana da hanyar isar da shi, kashe layi na 'yan kwanaki dabara ce ta mai hankali.

Akwai kuma batun mai riƙe masa jakar sanduna, Harry Diamond, abokinsa tun suna yara a garin Holywood. Masu sharhi da dama sun ce shi ne matsalar, a sallame shi a ɗauko gogagge. Sallamar mai jaka ita ce hanya mafi sauƙi da ɗan golf ke huce haushi, kamar yadda kulob ke korar koci. McIlroy ya fito fili ya kare abokinsa, ya ci gaba da aiki da shi.

Laifi tudu ne, in ji Bahaushe, ka taka naka ka hango na wani. Golf yana da tsohon misali na wanda ya ƙi yin haka. A Masters ta 1968, abokin zagayen Roberto De Vicenzo na Ajantina ya rubuta masa huɗu a ramin da ya yi uku. De Vicenzo ya sa hannu a takardar bai duba ba, kuma doka ta ce adadin da aka sa wa hannu shi ke zama. Da wannan bugu ɗaya ya rasa damar raba gardama da Bob Goalby, a ranar da ya cika shekara 45. Kansa ya zarga, bai ɗora wa wanda ya yi rubutun ba.

Dawowar McIlroy ba ta zo da daɗi nan take ba. A gasar Open ta Yulin 2024 ko tankaɗe bai tsallake ba. Wajen ƙarshen shekarar ya kulle kansa a ɗakin atisaye na mako uku yana buga ƙwallo a jikin allo, ba ya ganin inda za ta sauka, don ya gyara yadda yake juya sanda. Ya kuma ci gaba da zama da Bob Rotella, masanin halayyar 'yan wasa. A farkon 2025 ya ci gasa biyu, a Pebble Beach da kuma Players.

Game da ficewarsa daga Pinehurst, akwai inda masu suka suke da gaskiya. Da ya tsaya ya miƙa wa DeChambeau hannu kafin ya tafi, da ya fi. Amma auna zuciyar mutum da abin da zai faɗa a makirufo minti goma bayan abin da ya yi shekara goma yana nema ya suɓuce masa, wannan ma'auni ne na masu neman kanun labari. Yaron da ya tsaya ya yi magana a 2011 da magidancin da ya gudu a 2024 mutum ɗaya ne, kuma duka biyun sun dawo.

Ranar da ya faɗi sau uku kafin ya ci

Masu cewa McIlroy ya koyi darasi ya daina kuskure, da alama ba su kalli wasan 13 ga Afrilun 2025 ba.

Ya fara ranar yana gaba da bugu biyu, kuma da DeChambeau aka haɗa su. A ramin farko ya zubar da ratar duka. Ya farfaɗo, ya sake yin gaba da nisa. A rami na 13, daga tazarar da ba ta kai yadi 90 ba, bugun da ƙwararre ke yi ido rufe, ya jefa ƙwallon cikin rafi. A rami na 15 ya lanƙwaso wata ƙwallo ta bayan bishiyoyi ta tsallake ruwa ta sauka dab da rami, bugun da za a daɗe ana nunawa. A rami na 18, yana buƙatar huɗu ya ci kofi, ya jefa ta cikin yashi, sannan ya kuskure ta ƙafa biyar.

Pinehurst ta dawo sabuwa. Bambancin kawai shi ne wannan karon akwai sauran rami ɗaya, domin sun yi kunnen doki da Justin Rose na Ingila.

McIlroy ya faɗa daga baya cewa a hanyarsu ta komawa wurin bugun raba gardama, Diamond ya tuna masa cewa da an yi musu tayin wannan matsayi ranar Litinin da safe, da hannu biyu za su karɓa. Mutumin da aka ce a kora ke nan. McIlroy ya aika ƙwallonsa kusa da rami, ya tura ta ta shiga.

Ya zama mutum na shida da ya haɗa manyan kofuna huɗu, bayan Gene Sarazen, Ben Hogan, Gary Player, Nicklaus da Woods, kuma na farko daga Turai. Zuwansa na 17 ke nan gasar. A cikin kwana huɗun, sau huɗu ya wuce ƙa'idar rami da bugu biyu, abin da babu zakaran Masters da ya taɓa yi kafin shi. Da ƙwallon Rose ta shiga a ramin raba gardama, ko tasa ta kauce da faɗin yatsa, da wani labarin ake bayarwa yau, alhali mutumin da aikin da ya yi ba su canja ba.

Nasarar ma ba ta zama maganin komai ba. A makonnin da suka biyo baya wasansa ya yi sanyi, ya sake ƙaurace wa 'yan jarida a gasar PGA, ya kuma amsa da bakinsa cewa samun sabon abin da zai sa a gaba yana yi masa wuya.

Najeriya ma tana da ɗan gurbi a tarihin irin wannan dawowa. A 1985 an dakatar da Vijay Singh, ɗan ƙasar Fiji, daga gasannin Asiya bisa zargin sauya adadi a takardar sakamako, zargin da ya musanta. Ya koma koyar da golf a wani ƙaramin kulob a tsibirin Borneo. A 1988 ya zo ya lashe gasar Nigerian Open. Bayan shekara 12 ya saka koren kwat a Augusta, a 2004 kuma ya karɓe matsayin lamba ɗaya a duniya daga hannun Woods.

Mutumin da ke ɗaya gefen

A hotunan ranar 13 ga Afrilu akwai wani mutum da ba a cika kulawa da shi ba. Justin Rose yana da shekara 44 a lokacin. Ya yi bugu 66 a zagayen ƙarshe, bakwai ƙasa da na McIlroy. Karo na biyu ke nan da ya rasa Masters a bugun raba gardama a wannan rami na 18, domin a 2017 ma haka Sergio Garcia na Sifaniya ya yi masa.

Rose ya san faɗuwa tun yana yaro. A 1998, yana ɗan shekara 17, ya zo na huɗu a gasar Open a Birkdale, Ingila ta ɗauka ta samu sabon tauraro. Washegari ya zama ƙwararre. Daga nan ya shiga gasa 21 a jere bai tsallake tankaɗe ko sau ɗaya ba. Sai a 2013 ya ci US Open, a 2016 ya ɗauki zinare a gasar Olympics ta Rio.

Da ƙwallon McIlroy ta shiga, Rose ya jira ya tashi daga durƙuson, ya je ya rungume shi. Sannan ya tsaya ya amsa tambayoyin 'yan jarida, mako na zagayowa ya tafi gasa ta gaba.

A watan Agustan shekarar, yana da shekara 45, ya sake samun kansa a bugun raba gardama a birnin Memphis, wannan karon da J.J. Spaun, wanda ya ci US Open wata biyu kafin nan. Sai da suka buga rami uku kafin Rose ya yi nasara.